Mungo Park: Baƙon da ya ƙi tsayawa, da ƙasar Yauri da ta yi masa ganin ƙarshe

Wanda ya shiga kwale-kwale daga Yelwa ya miƙa kudu, ya wuce gaɓar Wara, zai iske kogi ya buɗe ya zama tafki mai faɗi wanda ido ke wahalar kai wa ƙarshensa. A ƙarƙashin wannan ruwa tsohon garin Busa yake kwance, tare da duwatsun da suka tare jirgin wani Bature a farkon shekarar 1806. Sunansa Mungo Park, yana da shekara 34 a duniya, kuma ƙasar Yauri ce zangonsa na ƙarshe kafin ajali ya cim masa.

Ɗaliban Najeriya da dama sun haddace sunansa a matsayin wanda ya gano Kogin Neja. Yau matasa kan yi wa wannan darasi dariya, kuma suna da hujja, domin kogin da Hausawa ke kira Kwara, Mandinkawa ke kira Joliba, mutanen Songhai ke kira Isa Ber, Yarabawa ke kira Oya, bai taɓa ɓacewa ba balle a gano shi. To amma dariya kaɗai ba ta biya bukata. Rayuwar mutumin tana ɗauke da tambayar da har yau ke gaban mazauna bakin tafkin Kainji: idan manyan da ke nesa sun tsara abin da za su yi da kogi, wa ke neman izinin masu kogin?

Ɗan manomi da ya zama likita

An haifi Mungo Park a watan Satumba na 1771 a Foulshiels, kusa da garin Selkirk a ƙasar Sikotland. Mahaifinsa manomi ne mai noman gonar haya, shi kuwa na bakwai ne cikin 'ya'ya 13. Tun yana matashi aka kai shi koyon aikin likita wurin wani likitan Selkirk mai suna Thomas Anderson, daga nan ya wuce Jami'ar Edinbura, inda ya haɗa karatun likitanci da sha'awar ilimin tsirrai.

Sha'awar tsirran ce ta buɗe masa ƙofa. Mijin 'yar'uwarsa, James Dickson, masanin tsirrai ne a Landan, shi ya gabatar da shi ga Sir Joseph Banks, babban jigon masana kimiyya na Birtaniya a wancan zamani. Ta hannun Banks ya samu aikin mataimakin likita a jirgin ruwa mai suna Worcester, wanda ya kai shi tsibirin Sumatra a 1793. Ya dawo da bayanin wasu nau'o'in kifi da Turawa ba su sani ba, sunansa ya fara shiga bakin manya.

Banks na cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiyar attajirai da masana a Landan a 1788, wadda ta sa wa kanta aikin binciko cikin nahiyar Afirka. Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne babban kogin da suke jin labarinsa: gabas yake gudu ko yamma, kuma ina yake ƙarewa? Tambayar ta ilimi ce, amma a bayanta akwai lissafin kasuwa, domin labarin zinariya da arzikin Tumbutu da ƙasar Hausa ya daɗe yana kai wa Turai. Mutumin da suka aika kafin Park, Manjo Daniel Houghton, ya mutu a hanya a 1791. Park ya miƙa kansa, aka karɓe shi.

Tafiyar farko

Ya isa bakin kogin Gambiya a watan Yuni na 1795, ya zauna a Pisania watanni yana koyon Mandinkanci yana jinyar zazzaɓi. A farkon Disamba ya kama hanyar gabas a kan doki, tare da tafinta mai suna Johnson da wani yaro bawa mai suna Demba. Kowace masarauta ya shiga sai ta karɓi nata rabo daga kayansa, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo mai wucewa. A ƙasar Ludamar wani sarkin Larabawan sahara mai suna Ali ya tsare shi kimanin wata huɗu, ya kuma riƙe Demba. Park ya tsere a farkon Yulin 1796 da dokinsa da ɗan abin duba alƙibla, yunwa da ƙishirwa suka kusa kashe shi.

A cikin wannan wata na Yuli ya iso Segu, babban birnin Bambarawa, ya ga kogin da idonsa yana gudu zuwa gabas. Sarki Mansong bai yarda ya gan shi ba, amma ya aika masa da wuri 5,000 na guzuri. A wani ƙauye da ke kusa, bayan kowa ya ƙi saukar da shi, wata mata da ke dawowa daga gona ta same shi a gindin bishiya, ta kai shi gidanta, ta gasa masa kifi, ta shimfiɗa masa tabarma. Ya ci gaba har Silla, inda rashin lafiya da talauci da damina suka tilasta masa juyawa.

A hanyar komawa ya faɗi ciwo a Kamalia. Wani bafatake mai cinikin bayi, Karfa Taura, ya riƙe shi a gidansa wata bakwai har ya warke, sannan ya tafi da shi cikin ayarin bayin da ake kora zuwa gaɓar teku. Suka isa Pisania a Yunin 1797. Jirgin da ya fitar da shi daga Afirka na 'yan Amurka ne masu jigilar bayi, ya sauke shi a tsibirin Antigua, daga can ya isa Ingila a Disamba, bayan an riga an fid da rai da shi.

Duk wanda ya dubi wannan tafiya da idon basira zai ga cewa Park ya rayu ne da alherin mutanen da ya ratsa: sarkin da ya ba shi wuri, matar da ta ba shi masauki, bafataken da ya yi jinyarsa. Bai da runduna, dole ta sa ya tsaya, ya yi gaisuwa, ya roƙa.

Littafi da suna

A 1799 ya fitar da littafin tafiyarsa, wanda ya samu kasuwa ƙwarai, aka fassara shi zuwa wasu harsunan Turai. Littafin ya nuna wa masu karatu na Turai garuruwa masu kasuwanni da shari'a da malamai, ya kuma yaba wa tausayin matan Afirka. Sai dai a kan cinikin bayi, wanda ake ta muhawara a kansa a majalisar Birtaniya a lokacin, Park ya yi taka-tsantsan, bai fito ya la'ance shi ba, duk da cewa ya bayyana azabar ayarin da ya bi. Wanda ya taimaka masa wajen tsara rubutun, Bryan Edwards, mai gonakin bayi ne a Jamaika kuma mai adawa da hana cinikin. Masu neman a hana da masu neman a ci gaba duk sun samu abin kafa hujja a littafin.

A wannan shekara ya auri Allison, 'yar maigidansa Thomas Anderson, daga baya ya buɗe wurin duba marasa lafiya a garin Peebles. Aikin likitan karkara bai kwanta masa a rai ba. Da gwamnatin Birtaniya ta nemi ya koma, ya amsa, ya ɗauki malami ɗan Maroko ya koya masa Larabci. A wannan karo ya tafi da ra'ayin cewa Neja da Kwango kogi ɗaya ne, kuma ya ƙudura zai bi ruwan har teku.

Tafiya ta biyu

Tafiyar 1805 ta gwamnati ce, ba ta ƙungiyar masana ba. An ba Park muƙamin kyaftin. Ya tashi daga Ingila a ƙarshen Janairu tare da surukinsa Alexander Anderson da mai zane George Scott, a tsibirin Gore ya ɗebi Laftanar Martyn da sojoji 35 da matuƙan jirgi biyu. Jagoransu wani ɗan kasuwa ne mai suna Isaaco.

Kuskuren farko na lokaci ne. An makara, amma Park ya ƙi jiran damina ta wuce. Ruwa ya same su a hanya, zazzaɓin cizon sauro da atuni suka shiga ayarin, sojoji suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya ana barin su a ƙauyuka. Da suka iso kogin a Bamako cikin watan Agusta, Turawa 11 kacal suka rage cikin fiye da 40. A Sansandin, da izinin Mansong, suka haɗa tsofaffin kwale-kwale biyu suka yi jirgi ɗaya mai tsawon ƙafa 40 da faɗin ƙafa 6, Park ya sa masa suna Joliba. A nan Anderson ya mutu a ƙarshen Oktoba. Park ya damƙa wa Isaaco wasiƙunsa da littafin ajiyar bayanansa ya kai gaɓar teku, sannan a watan Nuwamba ya saki jirgi. Su tara ne a ciki: shi, da Martyn, da sojoji uku, ɗaya daga cikinsu ya riga ya taɓu, da bayi uku, da sabon jagora mai suna Amadi Fatuma.

Kuskure na biyu ya fi na farko nauyi. Park ya yanke shawarar ba zai sauka ba, ba zai biya kuɗin wucewa ba, duk wanda ya matso kuma wuta ce amsarsa. Wataƙila tsarewar da ya sha a Ludamar ce ta bar masa wannan tsoro. Ko ma mene ne dalili, jirgin ya ratsa yankin Tumbutu da Gawo yana harbin kwale-kwalen da suka tare shi, aka kashe mutane da dama. Ga sarakunan bakin kogi, karɓar kuɗin fito da gaisuwar baƙo ba fashi ba ne, alama ce ta cewa ƙasa tana da mai ita. Shekaru bayan haka, matafiya irin su Gordon Laing da Heinrich Barth sun tarar Abzinawa ba su manta da Baturen da ya wuce yana harbi ba. A haka jirgin ya ci fiye da mil 1,000 har ya shigo ruwan Yauri.

Yaurin da ya tarar

Yauri tsohuwar masarauta ce, tana cikin waɗanda littattafan tarihi ke lissafawa a Banza Bakwai. Fadar sarki a lokacin tana Birnin Yauri, wanda ke cikin ƙaramar hukumar Ngaski a yau, da ɗan tazara daga bakin ruwa. A tsibiran kogin Gungawa ne ke zaune, waɗanda ke kiran kansu Reshe, manoma da masunta da suka san kowane dutse da kowace mashiga. A tudu akwai Kambari da Dukkawa, a arewa akwai Shangawa, ga kuma Hausawa masu sarauta da fatauci. Ƙasar tana kan hanyar fataken goro masu zirga-zirga tsakanin Gwanja da Kano, saboda haka fito da kuɗin zango na cikin abin da ke riƙe da taskar sarki.

Lokacin kuma na zaman ɗar-ɗar ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Birnin Kebbi ta faɗa hannun jama'arsa a 1805, Gwandu ta zama sansaninsu, tana 'yan kwanaki kaɗan daga Yauri. Sarkin Yauri na wannan zamani, Muhammadu Albishir ɗan A'i, shi ne wanda ya zaɓi ƙulla amana da shugabannin jihadi, abin da ya sa sarautar ta zauna a gidan Hausawa. Mutumin da ke auna kowane mataki a irin wannan yanayi ba zai ɗauki jirgin baƙi masu bindigogi da wasa ba.

A nan yarjejeniyar Amadi Fatuma ta ƙare, ya sauka. Bisa labarin da ya bayar daga baya, Park bai je fada ba. Ya ba mai garin bakin ruwa zobban azurfa biyar da albarushi da ƙanƙarar bindiga ya kai wa sarki. Mai garin ya tambaya ko Baturen zai dawo, aka shaida masa ba zai dawo ba, sai ya riƙe kayan, ya aika wa fada cewa baƙin sun wuce ba su yi gaisuwa ba. Sarki ya fusata, ya sa aka ɗaure Amadi, ya tura mayaƙa su tare jirgin a Busa. Mutumin da ya ƙi tsayawa tun daga Sansandin, a wurin da ya yi niyyar biya ma saƙonsa bai isa ba, domin bai kai da ƙafarsa ba. Baƙo ko da idonsa makaho ne, balle wanda ya sallami ɗan jagora.

Duwatsun Busa

A Busa kogin yana matsewa tsakanin duwatsu, ruwa yana gudu da ƙarfi, kuma a lokacin rani hanyar wucewa ƙanƙanuwa ce. Jirgin ya maƙale. Daga gaɓa aka riƙa ruwan kibau da masu da duwatsu, na cikin jirgi suka mayar da wuta har ƙarfinsu ya ƙare. Park da Martyn da sauran Turawan suka faɗa ruwa, ruwa ya cinye su. Bawa ɗaya ne ya tsira, daga bakinsa Amadi ya ji yadda aka ƙare.

Wannan ruwaya ta mutum ɗaya ce, kuma mutumin yana da dalilin wanke kansa. Mutanen Busa sun ba matafiyan da suka zo daga baya wani bayani daban: da suka hango baƙon jirgi, sun zaci 'yan gaban rundunar Fulani ne, shi ya sa suka far masa. Ruwayoyin biyu sun haɗu a wuri ɗaya, wato babu wanda ya san ko su waye ke cikin jirgin, domin ba su tsaya sun faɗa ba.

Masu bin sawu

A 1810 gwamnan Birtaniya na Senegal ya tura Isaaco neman labari. Ya samu Amadi Fatuma, ya ɗauki bayaninsa, ya kuma aika mutum har Yauri. Abin da aka samo shi ne ɗamarar takobin Park, wadda sarki ya mayar majayin dokinsa. Hugh Clapperton ya ji labarin a Sakkwato daga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya je Busa da kansa a 1826. Ɗan Park, Thomas, ya fito neman mahaifinsa, zazzaɓi ya kashe shi a ƙasar da ake kira Ghana a yau, a 1827.

A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka iso Busa, suka hau har Yauri, suka shafe makonni a can suna neman takardun Park ba su samu ba. Su kuwa sun yi abin da shi bai yi ba: sun zauna a fada, sun yi gaisuwa, sun nemi izini, sun karɓi kwale-kwale da matuƙa daga sarakunan kogin. A watan Nuwamba na wannan shekara suka fita teku ta yankin Brass, aka tabbatar Neja ba Kwango ba ne. Abin da ya biyo baya sananne ne: jiragen 'yan kasuwa, sai kamfanin da ya samu izinin mulki daga gwamnatin Birtaniya a 1886, sai tutar mulkin mallaka a 1900. A 1915 Turawa suka tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani suka sa ƙasarsa ƙarƙashin Yauri ba tare da shawarar mutanenta ba, Busawa suka yi bore.

Abin da ruwa ya rufe

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Ruwa ya taso ya rufe tsohuwar Busa, da duwatsun da suka kashe Park, da yawancin tsibiran Gungawa. Kimanin mutum 44,000 aka tasa daga gidajensu aka mayar sababbin matsugunai. Manoman tsibiri da suka gāji noman albasa da shinkafa a ƙasa mai laima suka koma tudu, cikin gidajen siminti da wasu suka zana musu. Masunta daga wurare masu nisa suka kwararo tafkin, kasuwar kifi ta Yelwa ta bunƙasa, bikin Rigata na tseren kwale-kwale ya zama abin alfaharin masarautar. A gefe guda kuma, wutar da tafkin ke samarwa ta tafi manyan birane, ƙauyuka da dama na bakin ruwa suka daɗe cikin duhu, kuma har yau jiragen katako masu cika maƙil ne ke kai mutane kasuwannin Wara da Yelwa, a kan ruwan da kututturan itatuwan da aka nutsar ke ɓoye a cikinsa.

Park yana da mutum-mutumi a Selkirk, akwai kuma hasumiyar tunawa da shi da Richard Lander a Jabba. Jarumtakarsa da juriyarsa ba abin musu ba ne, haka ma alhakin da ke wuyansa na sojojin da ya jefa cikin damina da mutanen da aka harbe daga jirginsa. Matar Segu da ta gasa masa kifi, da bawan da ya tsira a Busa, da matuƙan da suka tsaya a gaɓa da kibau, babu wanda ya rubuta sunayensu. Matashin Yauri ko Ngaski ko Shanga da ya karanta tarihin wannan Bature yana da damar ya juya shi, ya fara daga gaɓa yana kallon jirgin da ke tahowa. Daga wannan wuri ne ake ganin cewa tun 1806 har zuwa 1968, mutanen kogin abu ɗaya suke nema daga mai zuwa da babban shiri: ya sauka, ya yi sallama, ya ji ta bakinsu.